Gajarta a Lokacin Balaga: Wa Zai Jira, Wa Zai Tafi Asibiti

Daga cikin koke-koken da samari da 'yan mata suke kawo wa likita, galibi bayan sun gama kewaye-kewaye da zancen ciwon kai, akwai na gajarta. Yaro ya kai shekara 14, ƙaninsa ya kamo shi a kafaɗa, a makaranta kullum shi ake turawa gaban layi, taubasai kuma sun sami abin tsokana ranar Salla, har ya koma neman takalmi mai tudu da hula mai tsayi. Tambayarsa guda ce, ko akwai maganin da zai sha ya yi tsawo. Amsar kuwa ta dogara ne ga irin gajartar, domin akwai ta gado, akwai ta jinkirin balaga, akwai kuma ta rashin lafiya, kuma ido kaɗai ba ya iya rarrabe su.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin yadda Allah cikin hikimarsa ya tsara tsawon ɗan Adam. A kusa da ƙarshen kowane dogon ƙashi, kamar na cinya da na ƙwauri, akwai wani faifai na guringuntsi wanda yake tofowa a hankali yana rikiɗa ƙashi, kuma muddin yana nan a buɗe, yaro yana kan miƙewa. Tsakanin shekara huɗu da farkon balaga yaro mai lafiya yakan ƙara santimita 5 zuwa 6 kowace shekara. Idan balaga ta zo sai gudun ya ƙaru, mace ta yi kamar santimita 8 a shekararta mafi sauri, wajen shekara 11 zuwa 12, namiji kuma ya yi 9 ko 10, amma shi sai wajen shekara 13 zuwa 14, wanda shi ne dalilin da ya sa a ajin farko na sakandare 'yan mata suke kere maza. To amma sinadaran balagar nan da suka zaburar da ƙashi, su ne kuma a ƙarshe suke rufe faifan. Mace takan ƙara abin da bai wuce santimita 5 zuwa 7 ba bayan ta fara haila, ta tsaya wajen shekara 15 ko 16. Namiji yakan kai 17 ko 18, kaɗan daga ciki su haura haka. Da zarar faifan ya rufe, babu abinci ko allura ko motsa jiki da zai sake buɗe shi har abada.

Gado shi ne mafi rinjaye, domin masu bincike sun ƙiyasta cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na bambancin tsawo tsakanin mutane daga can yake. Likitoci suna da wani lissafi mai sauƙi: a haɗa tsawon uba da na uwa, a ƙara santimita 13 idan namiji ake wa lissafi, ko a debe 13 idan mace ce, sa'an nan a raba biyu. Uba mai santimita 170 da uwa mai 158, ɗansu zai tsaya kusa da 170, 'yarsu kusa da 157, da rangwamen kamar santimita 8 sama ko ƙasa. Wanda ya yi wannan lissafi ya ga yana kan turbar gidansu, to, lafiyarsa ƙalau, kuma gajere ba yaro ba ne. Malaman tarihi sun ruwaito cewa Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya yarda da shi, gajere ne mai siraran ƙwauri, amma bai hana shi zama malamin Kufa wanda fiƙihun Iraƙi ya samo tushe daga gare shi ba. Sai dai a ƙasarmu lissafin yana buƙatar gyara, saboda iyaye da yawa su kansu yunwa da ciwo sun tauye su tun suna goye. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa sun fi rabi. Saboda haka ɗan da ya sami kulawar da ubansa bai samu ba yana iya wuce shi nesa.

Kashi na biyu su ne masu jinkirin balaga, kuma a ganina su suka fi yawa cikin samarin da hankalinsu yake tashi. Manomi ya san gero da maiwa: tare ake shuka su, gero ya riga fitar da kai har a girbe shi, maiwa tana nan kore shar, amma ba wanda zai ce ta lalace, lokacinta ne bai yi ba. Irin wannan yaro yana shekara 15 muryarsa ba ta buɗe ba, sa'o'insa sun fara tsirar gemu, alhali idan aka bincika sai a tarar ubansa ko kawunsa haka ya yi, ko uwarsa ta makara wajen fara haila. Likita yakan ɗauki hoton ƙashin hannun hagu da wuyan hannu, ya gwada shi da hotunan ma'auni waɗanda wasu masanan Amurka biyu, Greulich da Pyle, suka fara wallafawa a 1950. Idan ƙashin ɗan shekara 15 ya nuna shekara 12 ko 13, wannan bushara ce, domin ma'anarta yana da sauran shekarun miƙewa bayan abokansa sun tsaya.

Kashi na uku su ne waɗanda haƙuri yake cutarwa, domin kowace shekara da aka ɓata ana jira, ƙofar tana ƙara rufuwa. Amosanin jini, wato sikila, yana jinkirta girma da balaga; haka tsutsar ciki da tsargiya da ciwon ƙoda da tarin fuka, da kuma kasalar ƙullin nan na maƙogwaro wanda kumburinsa ake kira maƙoƙo. A cikin 'yan mata akwai wata larura ta halitta mai suna Turner, wadda take samun kamar mace ɗaya cikin 2,500, kuma sau da yawa alamarta gajarta ce kawai da rashin zuwan haila. Akwai kuma ƙarancin sinadarin girma da wani ɗan ƙulli a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa yake fitarwa. Shi ne ya sami Lionel Messi yana yaro a Ajantina, aka yi ta yi masa allura kullum, ƙungiyar Barcelona ta ɗauki nauyin ci gaba da maganin yana ɗan shekara 13, ya kai santimita 170. Samari suna yawan kafa hujja da shi, suna mantawa cewa jikinsa ya rasa abin ne aka mayar masa, kuma tun faifan yana buɗe.

Hanyar ganewa tana cikin gida. A tsayar da yaro ba takalmi ba hula, dugadugansa da ɗuwawunsa da ƙeyarsa suna taɓa bango, a ɗora littafi mai kauri a kansa a miƙe, a ja layi da fensir a rubuta kwanan wata. A maimaita bayan wata shida, kuma a lokaci guda na yini, domin mutum yakan fi tsawo da kamar santimita ɗaya da asuba a kan yadda yake da almuru. Idan yaron da bai balaga ba yana ƙara ƙasa da santimita 4 a shekara, ko namiji ya cika 14 babu wata alamar balaga, ko mace ta cika 13 ƙirji bai fara fitowa ba, ko ta kai 15 ba haila, wajibi ne a kai shi sashen yara na babban asibiti, irin na koyarwa da ke Kano ko Shika ko Sakkwato, a tafi da waɗannan awo da tsawon iyaye biyu.

Abin da yake hannun yaro da iyayensa shi ne kada a tauye rabon da ya gada. Tuwo da kunu suna cika ciki, amma ƙashi yana neman wake da gyaɗa da ƙwai da nono da kifi, musamman ƙananan busassun da ake taunewa da ƙayarsu, da zogale da kuka, da gishiri mai aidin. Likitoci a Jos sun nuna a 1999 cewa gwamewar ƙafa da ake gani ga yaran can ta ƙarancin sinadarin kalsiyam ce a abinci, duk da yalwar ranar da muke da ita. Barci kuma ba ragwanci ba ne ga mai tasowa, domin mafi yawan sinadarin girma a cikin barci mai nauyi yake fita, kuma ɗan shekarun nan yana buƙatar awa 8 zuwa 10, abin da wayar hannu take cinyewa. Ita kuwa yarinyar da ta ɗauki ciki kafin jikinta ya gama ƙosawa, ita da ɗan tayin suke rabon abin da ya kamata ya gina ta. Amma zancen cewa tsallake yaro ko ɗaukar tulu yana hana tsawo, camfi ne, kamar yadda lilo a jikin reshe ba ya ƙara ko taƙi.

Game da ƙwayoyi da garin ƙarin tsawo da ake tallatawa a Facebook da kasuwanni, ban san ko guda da aka tabbatar da amfaninsa ba sai ga aljihun mai sayarwa, wasu ma cuta ne tsantsa. Ƙwayoyin ƙiba da ake ce wa sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa akwai dezametazon a cikinsu, suna danne girman ƙashi, allurar ƙarin ƙwanji da wasu samari suke yi a wurin ɗaga ƙarfe kuma tana rufe faifan tun lokacinsa bai yi ba. Ita kanta allurar sinadarin girma, wadda Amurka ta halatta a 2003 ga yara masu matsananciyar gajarta ba tare da wata cuta ba, abin da take ƙarawa a matsakaici santimita 4 zuwa 6 ne, bayan shekaru ana huda fata kullum da kuɗi masu ɗimbin yawa. Saura tiyatar da likitan Tarayyar Sobiyet, Gavriil Ilizarov, ya ƙago a garin Kurgan a shekarun 1950, inda ake yanka ƙashi a ɗaura masa ƙarfe, ana buɗa shi milimita ɗaya kowace rana har sabon ƙashi ya cike gurbin. Aiki ne mai albarka ga wanda ƙafarsa ɗaya ta fi ɗaya, ko wanda karaya ta ɗoru a karkace. Amma mai lafiyayyun ƙafafu da zai sayi watanni na azaba, da haɗarin ruɓar ƙashi da lalacewar jijiya, domin santimita 6 ko 7, ni dai ba zan rubuta masa takardar zuwa ba.