Ali Ko Tyson? Darasi Kan Gardama Da Hujja

"Da Muhammad Ali zai haɗu da Mike Tyson, wa zai kwantar da wani?" Wannan gardama ba ta tsufa a gidajen kallo na Haɗeja da teburin mai shayi. Masu son damben gargajiya ma suna da tasu: a kawo Shago, a haɗa shi da zakarun yau. Ni ina son irin wannan musu, domin dokokin cin sa su ne dai dokokin kare furojet a gaban malamai. Ga guda huɗu.

Na ɗaya, fayyace abin da kake kwatantawa. In an ce Ali, ka ce, "Wane Alin?" A 1980 Larry Holmes, yana ɗan shekara 30, ya jibgi Ali mai shekara 38 har mutanensa suka tsayar da wasan bayan turmi na 10. A 1988 kuma Tyson, ɗan shekara 21, ya kwantar da Holmes a turmi na 4, lokacin shi ma ya kai 38. Wanda ya ɗauki waɗannan ya ce Tyson ya fi Ali bai auna gwaninta ba, tsufa ya auna. Kowannensu yaro ne ya sami babba ƙafa ta yi nauyi.

Na biyu, dambe ba lissafi ba ne. A aji mun koya in A ya fi B, B ya fi C, to A ya fi C. A fage ba haka ba. Joe Frazier ya ci Ali a 1971. George Foreman ya kayar da Frazier har sau 6 cikin turmi 2 a 1973. Bisa lissafi ai Ali ya shiga uku ke nan, amma a 1974 a Kinshasa Ali ya jingina da igiya, ya bar Foreman ya ƙarar da ƙarfinsa, ya kwantar da shi a turmi na 8. Salo da dabara suna rushe lissafi.

Na uku, duba sharuɗɗan fage da inda labari ya fito. A zamanin Ali wasan kambu turmi 15 ne, yanzu 12. Rocky Marciano bai kai kilo 90 ba, Tyson Fury ya haura 110, duk da haka ajinsu ɗaya a suna. A namu damben kuwa turmi 3 ne, da naɗaɗɗen hannu ɗaya, kuma da hannu ko gwiwa ya taɓa ƙasa an yi kisa. Sannan yawancinmu a bakin Ɗan Anace muka san Shago, aikin makaɗi kuma zuga gwaninsa ne. 'Yan damben yau kana ganin faɗuwarsu a wayarka. To ka ga ma'aunin ba ɗaya ba ne: ɗaya waƙa ke ba da shaidarsa, ɗaya bidiyo.

Na huɗu, misali guda ba ya zama doka. Masu cewa tsohon hannu ya fi sukan kawo Foreman, wanda a 1994 yana ɗan shekara 45 ya kwantar da Michael Moorer mai shekara 26 a turmi na 10. Gaskiya ne, amma kafin wannan naushi Moorer ne ke gaba a makin alƙalai. Abin da wasan ya nuna shi ne ƙarfin hannu yana daɗewa, sauri da numfashi ne ke fara tafiya. A 2017 Wladimir Klitschko mai shekara 41 ya kayar da Anthony Joshua a turmi na 6, amma yaron ya tashi ya gama da shi a na 11.

'Yan uwa ɗalibai, in za ka kwatanta amfanin shinkafar fadama ta bana da ta bara, ko shugabancin ƙungiya na yanzu da na baya, tambayoyin su ne waɗannan: a wane lokaci, a wane sharaɗi, wa ya ba da labari, misali nawa gare ka? Wanda ya shiga ɗakin kare furojet ba tare da amsarsu ba, tun a turmin farko za a yi masa kisa.

Ni dai nawa ra'ayin, Ali na 1967, kafin a ƙwace masa kambu saboda ƙin shiga soja, zai wahalar da Tyson da ƙafa da tsawon hannu. Mai ja ya rubuto wa mujalla, amma da hujja.