Amsoshin Tambayoyinku: Dimokuraɗiyya Baƙuwa Ce a Kano?

Wani mai sauraronmu daga unguwar Sheshe, cikin birnin Kano, yana tambaya: shin dimokuraɗiyya da sakar wa kasuwa mara duk Turawa ne suka kawo mana?

To Malam, akwatin zaɓe baƙo ne, amma fafutukar 'yancin talaka ta daɗe a Kano. A 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU, 'ya'yanta suka sha ɗauri da bulala. A 1979 Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya soke haraji da jangali. Ciniki kuwa, Kasuwar Kurmi tana ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Abin da ya zo daga waje, da shawarar Bankin Duniya, shi ne shirin sakar wa kasuwa mara na SAP na 1986, wanda ya karya darajar naira, albashi ya daina kai ma'aikaci ƙarshen wata.