Ɗaukewar Wuta da Ƙwayoyin Cutar Hanji

A cikin hanjin kowane ɗan Adam akwai ƙananan halittu masu ɗimbin yawa da ake kira bakteriya, waɗanda ba a ganinsu sai da madubin likita. Akasarinsu ba su da illa, wasu ma suna taimaka wa jiki wajen narkar da abinci. Amma akwai miyagu waɗanda kan shigo ta gurɓataccen ruwa ko abinci. Salmonella Typhi ce ke haddasa zazzaɓin taifot. Vibrio cholerae, wadda Robert Koch ya ware a Kalkata ta ƙasar Indiya a 1884, ita ce ke kawo kwalara. Akwai kuma wani nau'in E. coli da aka gano a Amurka a 1982, mai sa gudawa da jini.

Bakteriya suna hayayyafa ne ta hanyar rabuwa biyu. Idan E. coli ta sami ɗumi da abinci, takan rabu duk bayan minti 20. To, bari ɗalibi ya ɗauki alƙalami. A cikin sa'a ɗaya ƙwaya guda ta zama 8. A cikin sa'a 7 ta rabu sau 21, wato ta zama 2,097,152.

Firji ba ya kashe su, sai dai ya hana su saurin yaɗuwa muddin sanyinsa bai haura digiri 5 na ma'aunin Salshiyas ba. Tsakanin digiri 5 da 60 ne suke bunƙasa. Idan wuta ta ɗauke, firjin da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kimanin sa'a 4 kawai.

Ita ma kwamfuta ɗaukewar wuta na yi mata ɓarna. Aikin da ake cikin yi yana zaune ne a ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wadda ke gogewa da zarar lantarki ya yanke. Saboda haka ake haɗa ta da na'urar UPS. Cikinta akwai batir da ke tara wuta, da inbata mai juya wutar batir ta koma irin ta gida. Tana karɓar aiki cikin ƙiftawar ido, amma ƙaramar UPS mintoci kaɗan take bayarwa, gwargwadon yadda mutum zai adana aikinsa ko ya tayar da janareta. Ba za ta ɗauki firji tsawon dare ba. Shi ya sa asibitocin karkara da yawa ke amfani da firji mai aiki da hasken rana, domin yawancin alluran rigakafi na bukatar digiri 2 zuwa 8.

A gida kuwa, idan wuta ta ɗauke a daina buɗe firji barkatai. Naman ko miyar da ta daɗe cikin ɗumi a zubar da ita, domin ƙanshi da ɗanɗano ba sa tona asirin waɗannan ƙwayoyi. Malamai na iya ba ɗalibai wannan aiki: ƙwayoyi nawa za a samu daga guda 10 bayan sa'a 4?