Darasi: Burtali da mashaya su ma maganin bisashe ne

A aikinmu na malaman dabbobi an fi saninmu da allura da maganin tsutsa. Amma duk wanda ya yi zagayen rigakafi tsakanin Dakoro da Madarunfa ya san akwai ciwon da ba ya daga cikin akwatin magani. Darasin yau na ƴan taimakon kiwo ne da mambobin kwamitocin ƙauye: yadda rikicin ƙasa da ruwa ke kashe dabba, da abin da za a yi tun kafin ya tashi.

Abin da ya sa na ɗauko zancen

Wata shekara, bayan kaka, mun sa ranar allurar ciwon huhu a wani ƙauye. Mun kai magani cikin ƙanƙara, mun jira tun hantsi har la'asar, garke biyu kawai suka zo. Ashe an yi faɗa kan ɓarnar gonar wake a makon da ya wuce, makiyaya suka tashi da dare suka bi wata hanya. Ƙanƙara ta narke, allura ta lalace. Bayan ƴan watanni muka samu labarin tari a cikin shanun nan, a bakin wata rijiya inda suka cakuɗu da wasu garkuna. Ba wanda ya lissafa waɗannan shanu cikin asarar rikicin, alhali shi ne sanadinsu.

Yadda rikici ke zama ciwo

1. Idan gonaki suka cinye burtali, ko aka hana wata mashaya, garkuna sukan taru wuri ɗaya. Ciwon huhu na shanu ta numfashi yake yaɗuwa, kuma annobar awaki da tumaki haka take son cunkoso.

2. Dabbar da ta yi zagaye mai nisa don kauce wa gari tana ramewa. Ramammiyar saniya ba ta ɗaukar ciki da wuri, nononta yana raguwa, ƙaramin ciwo ma yana kayar da ita.

3. Wanda aka hana rijiya zai koma tabki maras gudu, inda katantanwa ke ɗauke da tsutsar hanta.

4. Makiyayi mai gudu ba ya tsayawa binne mushe. In ciwon saifa ne ya kashe dabbar, ƙwayarsa tana zama cikin ƙasa shekaru da dama, ta jira garken gaba.

5. Inda babu yarda, ba a kawo mana labarin ciwo da wuri, don kowa na tsoron a kore shi.

Asarar ba ta tsaya kan dabba ba. Mutanen jahar Maradi ba su manta da Toda ba, inda a watan Oktoba na 1991 aka kashe mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara.

Abin da doka ta tanada

Ƙasarmu Nijar ba ta rasa dokoki kan wannan ba, saninsu ne ya yi ƙaranci a karkara.

Dokar 61-05 ta 1961 ta sa iyakar noma ta arewa. Abin da ke bayan wannan iyaka yankin kiwo ne.

Doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993 ita ce tushen kundin dokar karkara, wato Code Rural. Daga nan aka samu kwamitocin ƙasa da ake kira COFO: na gunduma, na ƙaramar hukuma, da na ƙauye ko ruga. A cikinsu akwai sarakuna, ma'aikatan gwamnati, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa.

Dokar kiwo mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayu 2010 ta tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi. Burtali da hurumin kiwo dukiyar jama'a ce, ba a nome su, ba a sayar da su. Wanda ke da fifiko kan wuri ko rijiya saboda daɗewa a nan, fifiko ne yake da shi, ba ikon hana kowa ba.

Akwai kuma ranar sakin gonaki, wadda hukuma ke sanarwa kowace shekara bayan an ji ta bakin manoma da makiyaya. Kafin ranar, mai dabba ne ke da alhakin ɓarna. Bayanta, wanda ya bar amfaninsa na damina a gona ba shi da ikon neman diyya. Idan an samu saɓani, sulhu a gaban mai gari ko sarki shi ne matakin farko, a rubuta takarda, sannan in abin ya gagara a je kotu.

Me ya sa doka kaɗai ba ta isa ba

Na ga burtalin da aka kafa wa turakun siminti, bayan damina biyu gero ya rufe su. Na ga kuma wanda ba shi da turke ko ɗaya amma ba mai taɓa shi, domin manoma da makiyaya sun taka shi tare da ƙafa, sun yarda da iyakarsa a gaban dattawa. Turke shaida ne kawai na maganar da aka riga aka yi. In ba a yi maganar ba, ba abin da zai tsare.

Dajin Takieta a jahar Damagaram misali ne da ya kamata a sani. A ƙarshen shekarun 1990 an shirya kula da shi tare, aka kafa ƙungiyar Kou Tayani, kuma aka nemi makiyaya masu wucewa su shiga cikin shawara, ba mazauna kewaye kaɗai ba. Wannan ne wurin da kwamitoci da yawa ke kuskure: su yi taro lokacin da makiyaya suke arewa, su yanke hukunci a bayan idonsu, sannan su yi mamakin ba a bi ba.

Wani abin lura shi ne garmani. Ya mamaye burtali da hurumi da dama a kudancin Maradi da Damagaram, bisashe kuwa ba su damu da shi ba. Burtalin da babu abin ci a cikinsa, dole dabba ta leƙa gona. Gayyar cire garmani kafin ya zuba iri, a watsa irin ciyawa, aiki ne na rigakafin faɗa.

Abin yi a ƙauyenku

1. Kafin shuka, a zagaya burtali da hanyar mashaya tare da mai gari, ardo ko garso, da kwamitin COFO.

2. Kwamitin rijiya ya ƙunshi makiyaya da mata. A tsaida layin shayarwa da kuɗinsa a bainar jama'a, baƙo ya san abin da zai biya tun kafin ya sa guga.

3. A ware wa dabba maras lafiya kwami nata, a shayar da ita daga ƙarshe.

4. A sanar da ranar sakin gonaki a kasuwa da rediyon gari, da Hausa da Fulatanci da Tamashek.

5. In an yi ɓarna, a auna ta a ranar, da shaidu daga ɓangarorin biyu. Kada a doki dabba, kada a tsare ta babu ruwa.

6. A haɗa ranar allura da zaman tattaunawa, tunda ranar ce kowa ke wuri ɗaya.

Ga ƴan uwana malaman dabbobi: mu ne muke shiga ruga da gari duka, ana ba mu ruwa a ko'ina. Sau da yawa mu ke fara jin cewa an toshe hanya ko an ƙara kuɗin rijiya. Kada mu ce ba aikinmu ba ne. Mu kai maganar ga mai gari da kwamiti tun tana ƙarama, kamar yadda muke kai rahoton ciwo tun yana kan dabba ɗaya.

Tambayar bita: a yankinku, wa ke cikin kwamitin COFO na ƙauye, kuma yaushe suka yi zaman ƙarshe da makiyayi a ciki? Ku bincika kafin garkuna su fara gangarowa.