Binciken burbushin halittu tun daga digirin farko

Tambaya: Malam, ina aji biyu a sashen ilimin duwatsu. Ina son nazarin burbushin halittun dā, amma an ce sai a Turai ake yinsa. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, wanda ya faɗa maka haka bai san ƙasar da yake takawa ba. Teku ya taɓa rufe yankin Sakkwato, kuma a can aka tono wani ƙaton ƙadangaren ruwa mai shekaru kusan miliyan 70 da aka raɗa wa suna Goronyosaurus saboda yankin Goronyo. A Gadufawa ta ƙasar Nijar aka samo Nigersaurus, wata dabbar dā mai haƙora wajen 500, wadda masani Paul Sereno da abokan aikinsa suka sa wa suna a 1999.

Kada ka jira sai aikin kammalawa. Tun yanzu ka je wurin malamin da ke koyar da wannan darasi, ka roƙa ya ba ka aiki, ko da na wanke samfuri da lambanta shi ne. A fili kuwa, littafin rubutunka ya fi guduma daraja: ƙashin da ba a rubuta wurinsa da shimfiɗar dutsen da ya fito ba, rabin amfaninsa ya tafi. Wannan sakaci yana ci mini rai.

Sannan ka koyi awon siffofi da kwatanta su don gano dangantakar halittu. Manhajar R da ake wannan aiki da ita kyauta ce, haka rumbun Paleobiology Database a intanet. Ka ɗauki tambaya ƙarama, misali kwatanta bawon dodon koɗin farar ƙasar Kalambaina da ke Sakkwato, ka nemi izini kafin ka tona.