DARASI: HUKUNCIN GYARA DA TARA MAKI A CINIKI

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako. Bayan haka:

'Yan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi ƙarin da mai sayarwa yake yi wa mai saye domin ya sake dawowa gare shi. Malamanmu sun haɗu a kan cewa bai halatta ga baligi ya aikata wani abu ba sai ya san hukuncin Allah a cikinsa, ciniki kuwa yana daga cikin ƙofofin da haram ta fi saurin shigowa gidan mutum ta cikinsu ba tare da ya ankara ba.

MENE NE GYARA, MENE NE MAKI?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a Dogon Dutsi ko Matankari ko Tibiri ko Kore Mairuwa ya san gyara. Mai awo ya cika tiya ya ɗora tafi ɗaya a kai, mahauci ya ƙara ɗan yanki, mai ƙosai ta jefa ɗaya a bisa na kuɗinka. Wanda ya saba da rumfa ɗaya kuma gyararsa ta fi ta baƙo, domin ana yi masa ita ne saboda sabo.

Abin da manyan kantuna da kamfanoni suka yi shi ne sun ɗauki wannan al'ada sun mayar da ita lissafi. A Amurka, tun shekarar 1896 kamfanin Sperry da Hutchinson ya fara buga 'yan takardu irin na kan sarki, waɗanda kantuna suke bai wa masu saye, su liƙa a littafi, in ya cika su musanya shi da kaya. A 1981 kamfanin jiragen sama na American Airlines ya soma ƙidaya wa fasinja nisan tafiyarsa domin ya ba shi tikiti kyauta. A Ingila kantunan Tesco sun fito da katinsu a 1995, sa'an nan a 2002 aka fito da katin Nectar, wanda mutum yake tara makin kantuna dabam-dabam a cikinsa. Mu nan ƙasar Arewa abin ya fi iso mana ta hanyar wayar salula, tun daga zuwan Celtel Nijar a 2001, wanda ya koma Zain a 2008, ya koma Airtel a 2010. Yau kusan duk mai waya ya san ƙarin kiredi ko na mintoci da kamfanoni suke yi wa wanda ya sa kati.

Tsarin yana da matakai uku: tarawa, da haɗawa, da karɓa. Ga misali domin fahimta. Kanti ya ce duk sayayyar jika ɗaya, wato sefa 1,000, tana da maki 10, wanda ya tara maki 1,000 kuma a ba shi kayan jika ɗaya. Kun ga ke nan sai mutum ya kashe jika 100 kafin ya sami jika guda, kashi ɗaya cikin ɗari. Kamfani kuwa ya ci riba ta fuska uku: ya riƙe abokin ciniki, ya san abin da yake saye da lokacin da yake sayensa, kuma duk makin da wa'adinsa ya ƙare ba a karɓa ba ya zauna a aljihunsa.

ASALIN HUKUNCI

Asali a wannan babi shi ne halacci. Allah Maɗaukakin Sarki Ya halatta ciniki Ya haramta riba a aya ta 275 ta Suratul Baƙara, kuma a aya ta 29 ta Suratun Nisa'i Ya hana cin dukiyar juna da ƙarya, Ya keɓe fataucin da aka yi bisa yardar juna. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Suwaidu ɗan Ƙaisu (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya sayi wando a wurinsu, sai ya umarci mai auna kuɗin da ya auna ya kuma rinjayar. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa da ya sayi raƙumin Jabir (R.A.), ya biya shi ya kuma ƙara masa. To, idan mai saye yana iya ƙarawa bisa son ransa, mai sayarwa ma haka ne. Gyara kyauta ce, maki kuma alkawarin kyauta ne ko ragin farashi da aka jinkirta.

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, wadda ƙasarmu take cikinta, ta duba wannan mas'ala a zamanta na 14 a birnin Doha, cikin watan Janairu na 2003. Matsayarta mai lamba 127 ta tabbatar da cewa katunan otal-otal da na kamfanonin jirage da sauran ma'aikatu masu ba da maki halal ne idan kyauta ake ba da su kuma abin da ake samu da su halal ne, amma idan sayen katin ake yi bai halatta ba, saboda gararin da ke ciki. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yanke irin wannan hukunci a 2006 game da katunan rangwame.

Saboda haka ma'aunin da za mu riƙe shi ne wannan tambaya: me na biya domin in sami ƙarin nan? Idan kuɗin kayana kaɗai na biya, a farashin da kowa yake saye, to ƙarin halal ne. Idan kuwa na biya wani abu saboda ƙarin kansa, sai mu tsaya mu bincika.

WURARE HUƊU DA ƘARI YAKE ZAMA HARAM

Na farko, idan an sayi damar samunsa. Wanda ya biya jika biyar domin kati, bai san ko zai amfana da abin da ya kai jika goma ko ba zai amfana da komai ba, ya sayi abin da bai san iyakarsa ba. Wannan shi ne garari, kuma Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa an hana cinikin garari.

Na biyu, idan ƙuri'a ta shigo kuma an biya kuɗin shiga. Tambolar da ake cewa mutum ya aika saƙo mai tsada ko ya sayi tikiti domin ya ci babur ko mota, caca ce, ko da an canja mata suna, domin dubban mutane ne suke zuba kuɗi ɗaya ya kwashe. Aya ta 90 ta Suratul Ma'ida ta jera caca tare da giya da gumaka. Amma idan ƙuri'ar tsakanin waɗanda suka sayi kayan buƙatarsu ne kawai, malaman zamani sun saɓa. Wasu sun hana gaba ɗaya, wasu sun halatta da sharuɗɗa biyu: kada a ƙara farashi saboda kyautar, kuma kada mutum ya sayi kayan don ƙuri'ar alhali ba ya buƙatarsu. Wanda ya sayi katan ɗin lemo domin ya duba murafai, ya san niyyarsa.

Na uku, idan ƙarin ya hau kan bashi. Nan ne muke son jama'a su fi natsuwa, domin ya fi kusa da mu. Da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, wani yakan ranta wa manomi tiya goma ta gero a kan ya mayar da goma sha biyar da kaka, ya ce biyar ɗin gyara ce ko godiya. Wannan riba ce tsagwaronta, domin rancen da ya jawo amfani bisa sharaɗi haramun ne, kamar yadda Ibn Abi Zaid ya kawo a Risala. Gaskiya ne Manzon Allah (S.A.W.) ya ranci ɗan raƙumi ya biya da wanda ya fi shi, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa daga Abu Rafi'i (R.A.), amma wannan kyautatawa ce wadda ba a sharɗanta ba. Risala ta ma ambaci saɓanin Ashhabu da Ibnul Ƙasim game da ƙarin adadi lokacin biya, kuma ko Ashhabu da ya halatta sai idan babu sharaɗi, babu alkawari, babu al'ada. Haka nan musayar gero da gero ba ta karɓar gyara, sai daidai wa daida hannu da hannu. Gero da dawa kuwa jinsi biyu ne a mazhabar Malik, fifiko ya halatta a tsakaninsu muddin hannu da hannu ne. Makin da ake samu ta katin bashi na banki mai ruwa shi ma ba ya tsarkake yarjejeniyar da aka gina a kan ruwa.

Na huɗu, idan kuɗin na wani ne. Direban da yake shan mai da kuɗin ubangidansa, da ma'ajin masallaci da yake sayen siminti da kwano da kuɗin jama'a, da ma'aikacin da ake aike da kuɗin ofis, duk wakilai ne, kuma ragi ko makin da ya biyo bayan sayayyar na mai kuɗin ne, sai fa in ya yafe. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, sai Manzon Allah (S.A.W.) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ba a kawo masa komai ba. Ƙosai ɗaya da aka bai wa yaron aike al'ada ta yafe shi. Amma wakilin da ya tsallake kanti mai araha ya tafi mai tsada domin kasonsa, ya ci amana.

HAƊA MAKI DA MUSANYA SHI

Babu laifi miji da mata, ko uba da 'ya'yansa, su haɗa makinsu wuri ɗaya, ko mutum ya tura wa ɗan'uwansa kyauta, idan ƙa'idar kamfanin ta yarda, domin Musulmi yana kan sharaɗin da ya amince da shi. Buɗe lambobi da sunayen ƙarya domin a ninka kyauta kuwa yaudara ce, ko da kamfanin na wanda ba Musulmi ba ne. Wajen karɓa, wajibi ne abin da za a karɓa ya zama halal. Sayar da maki da tsabar kuɗi kuma malaman zamani sun saɓa a kansa, abin da ya fi kuɓuta shi ne mutum ya karɓi kayan tukuna, su zama mallakarsa, sa'an nan ya sayar in ya so.

NASIHA GA 'YAN KASUWA

Ya kai ɗan kasuwa, alkawarin da ka rubuta a ƙofar shagonka bashi ne a wuyanka. Mashhurin zance a mazhabarmu shi ne cewa alkawari yana zama tilas idan an rataya shi da wani dalili kuma wanda aka yi wa ya shiga ɗawainiya saboda shi. Malam Haɗɗabi ya yi littafi sukutum a kan wannan babi, kuma Majalisar Fiƙihu ta ɗauki wannan ra'ayi a zamanta na Kuwait a 1988. Wanda ya yi wata shida yana wuce shagon maƙwabcinka yana zuwa naka saboda buhun shinkafar da ka alkawarta, bai halatta ka canja magana ranar karɓa ba. Idan makin yana da wa'adi, ka faɗa tun farko. Kada kuma ka lotsa gindin tiya sa'an nan ka ɗora gyara a sama, domin abin da ka ɗora bai kai abin da ka tauye ba, kuma Suratul Muɗaffifin a kan irin wannan ta yi gargaɗi.

NASIHA GA MASU SAYE

Mu kuma masu saye, mu tuna lissafin da ya gabata. Wanda ya ƙara sayayyar jika ashirin da ba ya buƙata domin ya cika makin jika ɗaya, ya yi asarar goma sha tara, kuma Suratul Isra'i ta kira masu almubazzaranci 'yan'uwan shaiɗanu. Sau da yawa magidanci yakan sa katin da ya fi ƙarfinsa domin ya ji an ce yau akwai ƙari, alhali kuɗin cefane bai cika ba. Haƙƙin iyali wajibi ne, ƙarin mintoci kuwa ko mustahabbi bai kai ba. Kada kuma mu matsa wa tsohuwa mai sayar da kuka da daddawa da neman gyara har mu cinye ribarta, domin dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Buhari ya ruwaito addu'ar rahama da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi wa mai sauƙin hali wajen sayarwa da saye da bin bashi.

Muna kira ga limamai da masu wa'azi su karanta wannan darasi ga jama'a bayan salla, musamman mas'alar rancen hatsi kafin damina ta kankama. Wanda kuma ya haɗu da wani tsari da ba mu ambata ba, ya kai ƙa'idojinsa gaban malami kafin ya sa kuɗinsa.

Allah Ya azurta mu da halal, Ya wadatar da mu da ita ga barin haram, Ya sa albarka a kasuwanninmu da gonakinmu. Allah ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.