Aiki daga Gida da Kuɗin Hayar Ofisoshin Gwamnati

Tambaya: Shin aiki daga gida yana rage wa gwamnati kuɗin hayar ofisoshi?

Amsa: Yana ragewa, amma sai gwamnati ta saki ginin tukuna. A Amurka, wata doka ta 2010 ta wajabta wa hukumomin tarayya tsara ƙa'idar aiki daga gida, annobar korona kuma ta yaɗa tsarin a 2020. A 2023 hukumar GAO, mai bin diddigin kuɗin gwamnati, ta duba hedikwatocin hukumomi 24, ta tarar 17 ba sa amfani da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na wurinsu. Alhali kuwa a lokacin hayar ofisoshin tarayya tana cin kimanin dala biliyan 5 a shekara. Wannan asara ce babba ga masu biyan haraji.

Inda gizo ke saƙa shi ne, yarjejeniyar haya takan ɗauki shekaru, mai gini kuma yana karɓar kuɗinsa ko ofis ba kowa. Haɗe hukumomi a gini ɗaya ma yana buƙatar kuɗin gyara da na ƙaura. Sai dai kuma tsarin aiki daga gida ya sauya, domin a Janairun 2025 Shugaba Trump ya umarci ma'aikatan tarayya su koma ofis.